Ƙwarzane a Sarƙar Agogon Dogo

Litinin, 4 ga Maris

Zuwa ga Kawuna Mai Agogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Auta da maigidanta da jikoki. Yaya gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai 'yan biyu da suka yi mura makon jiya, sun kuma warware. Uwarsu tana gaishe ka.

Na kira wayar Auta sau biyu don in yi maka albishir, ta ce kunnen ya ƙara nauyi, in an kara maka waya sai ka yi ta cewa "na'am" har mai kira ya gaji. Shi ya sa na sayi takarda da ambulan, abin da rabona da shi tun ina makaranta.

Ranar Juma'a kamfani ya tara mu a ɗakin cin abinci. Manaja ya kira ni gaban jama'a, ya ce shekara ashirin ke nan ina jan motar ma'aikata ban taɓa ko goga ta da bango ba. Ya miƙo mini ɗan akwati. Kawu, agogo ne! Farin ƙarfe, mai nauyi, da sarƙa mai gaɓa-gaɓa. A fuskarsa akwai ƙananan idanu biyu: na hagu yana nuna ranar mako, na dama yana nuna kwanan wata. An ce ba ya cin batir, motsin hannu ne abincinsa. Da gaske ne? To in na kwanta rashin lafiya fa, shi ma ya kwanta ke nan?

Abin da ya dame ni shi ne, kwana ɗaya kacal da ɗaura shi, na ga ƙwarzane a jikin sarƙar. Jiya na ga wani. Ni ba dutse nake fasawa ba, sitiyari nake riƙewa. Ko dai ƙarfen ba shi da kyau ne, suka ba mu na banza a akwati mai kyau?

Ka shekara arba'in kana leƙa cikin agogunan mutane, yau ga na ɗan yayarka. Ka gaya mini yadda zan kula da shi, da abin da zan shafa wa ƙwarzanen ya ɓace.

Ɗanka,
Dogo


Laraba, 13 ga Maris

Dogo ɗan Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, na karanta sau uku, sau biyu don daɗi, sau ɗaya don rubutunka har yanzu kamar kaza ta taka tawada. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Allah ya sa albarka a aikin, ya kuma tsare gaba. Da Yaya tana raye da ta zagaye unguwa da labarin nan kafin azahar.

To saurara. Agogon da ke cin motsi, in ka ajiye shi kwana biyu zai tsaya. Ba mutuwa ya yi ba, ka ɗan wana shi ka saita, ya ci gaba. Ɗan kunnen nan na gefe da ake saita lokaci da shi, ka tabbata kullum a danne yake, don nan ce ƙofar da ruwa ke shiga. Kada ka ɗora shi a kan rediyo ko lasifika, akwai maganaɗisu a ciki, zai sa shi gudu kamar an biyo shi. Turare a jikinka, ba a jikinsa ba. Sau ɗaya a wata ka sami ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ka wanke tsakanin gaɓoɓin, ka tsane da ƙyalle mai taushi. Dattin da ke maƙalewa a nan shi ke cinye ƙusoshin sarƙa. Kuma kada ta yi maka yawa tana lilo. In ƙaramin yatsanka ya shiga da ƙyar, daidai ke nan.

Batun ƙwarzane, ba abin da za ka shafa. Mai goge ƙarfe ba cike ramin yake yi ba, kankare tudun da ke kewaye yake yi har ya sauko daidai da ramin. Kowace guga rage agogon take yi. Musamman kada wani ya ce maka man goge baki.

Sai dai ka ta da mini tsohon ƙaiƙayi. Ni a teburina, kafin mutum ya buɗe baki nake sanin aikinsa daga sarƙarsa. Ma'aikacin ofis, maɓallin ƙasa ne ke shan wuya, don yana goga shi a tebur. Tela, gefe ɗaya ke sheƙi. Makaniki kuwa ko'ina. Direba ban cika ganin nasa da rauni ba. Saboda haka ka zana mini agogon a takarda, ka lissafa gaɓoɓin, ka sa alama duk inda ƙwarzane yake. A tsaye yake ko a kwance? Farce yana maƙalewa a ciki? Akwai launi a ramin? Wane hannu kake ɗaurawa?

Hannuna ya daina riƙe hantsaki, amma kaina bai yi ritaya ba.

Kawunka


Asabar, 23 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Allah ya sassauta gwiwar.

Zan fara da laifina. Kwana ɗaya kafin takardarka ta iso, makanikinmu na gareji ya ce man goge baki. Na zauna na dirji gaɓa ɗaya har yatsana ya yi zafi. Ƙwarzanen yana nan daram, gaɓar kuwa ta fita daban cikin 'yan'uwanta, tana ƙyalli kamar sanƙon manajanmu. Da 'yan biyu suka zo wurin "musamman kada wani ya ce maka", dariya suka yi har ɗaya ta ƙware. Su ke karanta mana takardunka bayan cin abinci, Babbar tana kwaikwayon muryarka, har da gyaran murya.

Ga zanen a baya. Hagu nake ɗaurawa. Na ari tabarau na uwarsu na dudduba, ga abin da na samu. A maɓalli akwai 'yan siraran layuka kamar gashi, farce ba ya jin su. Manyan suna gaɓa ta ɗaya da ta biyu da ta uku a ƙasan ƙarfe shida, wato ɓangaren babban yatsa. Yanzu sun kai bakwai. A kwance suke, farce yana maƙalewa. Ƙarfen da ya kewaye gilashin ma ya ɗan lotsa wuri biyu. Ɗaya ɓangaren kuwa sumul, kamar yau aka fito da shi daga akwati.

Launi akwai! Ban lura ba sai da ka tambaya. Biyu suna da kore, ɗaya toka-toka. Na yi ta yawo a gida ina gwadawa kamar ɗan sanda. Koren dai fentin ƙofar falonmu ne. Tokar kuma ina zargin ƙofar ƙarfe ta ɗakin direbobi. Uwar 'yan biyu ta ce ko dai ni na yi ƙiba ko ƙofofin gidan sun tsuke, don kwanan nan ba na wucewa ban gaisa da su ba. Ta ce in gaya maka kofinta biyu na fasa a wata guda, ka yi mini faɗa.

To Malam mai bincike, me ka gano? Wane aiki nake yi?

Ɗanka,
Dogo


Talata, 2 ga Afrilu

Dogo,

Bayan gaisuwa. Mu ma lafiya. Ka gaida mai kwaikwayon muryata, ka ce mata in na zo za ta maimaita a gabana.

Gaɓar da ka dirza, bar ta. Irin sarƙar nan fuskarta iri biyu ce, wata mai sheƙi, wata mai siraran layuka da aka ja da gangan. Layukan ka shafe. Ana iya mayar da su, amma ba da hannunka ba.

Zanenka ya hana ni sakat. Siraran na maɓalli ba komai ba ne, kowane agogo yana da su. Bakwai ɗin nan ne suka tsaya mini. Na fito da wani tsohon agogo na ɗaura a hagu, na zauna a kujera na riƙe faranti kamar sitiyari, na juya shi dama da hagu. Auta ta shigo ta tsaya tana kallona, sannan ta fita. Sitiyari dai ba ya taɓa wurin nan. Daga nan na shafa alli a gefen ƙofata, na yi ta shiga ina fita sau ashirin. In mutum yana tafiya hannu a sake, ɓangaren babban yatsa ne ke gaba, shi ke fara cin karo. Wannan ya dace da zanenka. Amma ni da gwiwata da tsufana, ko sau ɗaya alli bai taɓa ni ba. Kai kuma shekara goma sha biyar kana bin ƙofar falon nan.

Ka amsa mini waɗannan. Kafin agogon, ka taɓa ganin kurji ko tabo a wuyan hannun nan ko a kafaɗa ba ka san inda ka samo ba? Kofunan da ka fasa, ta wane gefe aka ajiye maka su?

Sannan abu ɗaya, kuma shi ne babba. Kafin ka sake rubuto mini, ka je a duba maka idon hagun. Kada ka ja lokaci.

Kawunka


Alhamis, 11 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa. Kowa lafiya, aiki ya yi yawa, an ƙara mana jigila ɗaya da rana.

Na bi umarninka. Ranar Asabar na kai shi wurin wani mai gyara a bakin kasuwa, dattijo ne mai ɗan teburi da gilashi, ya tuna mini da kai. Ya sa madubinsa ya leƙa idon hagun, ya juya ranakun tun daga Lahadi har Asabar, ya ce lafiyarsa ƙalau, ba ya tsallake ko ɗaya. Ya cire mini gaɓa guda, yanzu sarƙar ta zauna daidai. Ya ce agogon na kirki ne, ba na banza ba. Hankalina ya kwanta.

Tabo kam direba ba ya rasa tabo. Kofuna kuma wa zai tuna gefen da aka ajiye su?

Wata tambaya. Yana ƙara kusan minti ɗaya a mako. Haka suke yi, ko in mayar?

A gaida Auta da yara.

Dogo


Juma'a, 19 ga Afrilu

Dogo,

Na aiko wannan ta adireshin gareji, na kuma rubuta a bayan ambulan cewa a ba ka hannu da hannu. Ba ta karatu bayan cin abinci ba ce.

Minti ɗaya a mako ba laifi ba ne. An gama da agogo.

Ba idon agogo nake nufi ba. Idonka nake nufi, wanda ke cikin kanka. Na taƙaita ne don na san yara ke karantawa, ban so su ji daga bakina. Wataƙila laifina ne da na rubuta a dunƙule. Yanzu ga shi a warware.

Akwai abin da ban gaya maka ba game da allin. Bayan sau ashirin ɗin, na ɗaure idona na hagu da ƙyalle na sake gwadawa. A wucewa ta uku alli ya kama sarƙar, daidai gaɓar da ka zana.

Kai kana nesa lokacin da abin ya fara wa Yaya, ka zo ka tarar da ƙarshensa ne kawai. Ni na ga farkonsa. Shekara biyu tana karo da gefen ƙofa muna yi mata dariya. Tana ture kwano, muna cewa garaje. Tana zura zare a allura ba tabarau, to wa zai ce idonta ne? Ta gaba tana gani tar, gefe ne ke rufewa a hankali, ba ciwo, ba ja, ba hawaye. Ranar da muka kai ta asibiti likita ya ce mun makara da shekaru, ya kuma ce ciwon yana bin jini. Na ji wannan da kunnena lokacin yana aiki, na dawo gida na yi shiru, don ban so in tsorata kowa. Wannan shirun yana cikin abubuwan da nake nadama.

Ni ba likita ba ne, mai gyaran agogo ne. Ina roƙon Allah ya sa na yi kuskure, ka zo ka yi mini dariya. Amma mutum nawa ke zaune a bayanka kowace safiya? Ka je asibitin ido a makon nan.

Kawunka


Lahadi, 2 ga Yuni

Dogo ɗan Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata ku ma haka.

Mako shida ke nan. Kullum sai na aiki Auta ta duba akwatin gidan waya, har ta fara ɓoye mini fuska in ta dawo. Ta kira ka, ka ce mata kana tuƙi za ka kira, ba ka kira ba.

In fushi kake yi, yi abinka, ka isa. Na san abin da na taɓa. Na san mutum ba ya son a karɓi lambar yabo a hannunsa a ce masa shaidar ciwo ce. Amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Sau biyu na ɗauki biro zan rubuta wa uwar 'yan biyu, na ajiye. Gidanka ne, maganarka ce. Ban san ko zan iya ajiyewa a karo na uku ba.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Ƙwarzanen nawa ne yanzu?

Kawunka


Asabar, 15 ga Yuni

Kawuna,

Wa alaikumus salam. Ka yafe mini. Muna lafiya, kuma ba wanda ya mutu. Na fara da wannan don ka karanta sauran a zaune.

Ƙwarzanen goma sha shida ne.

Gaskiyar da zan fara faɗa ita ce, na gane takardarka tun ta farko. Da Babbar ta karanta "idon hagun", kafin ta kai ƙarshen layin na ce, "A'a, idon agogo yake nufi." Na faɗa da ƙarfi har na kusa yarda. Na tafi kasuwa na sa dattijon nan ya duba abin da na san lafiyarsa ƙalau, don in sami abin rubuto maka. Wadda ka aiko gareji kuwa na karanta ta a cikin mota, na ninke na sa a aljihu, na ce tsufa ne ya sa Kawu ganin ciwo a ko'ina. Ai ina karanta lambar motar da ke gabana tun daga nesa. Sai dai na fara juya kaina gaba ɗaya in zan duba madubin hagu, na kuma cire agogon na bar shi a akwati, kamar shi ne mai laifin. Kwana huɗu na mayar da shi, hannuna ya saba.

Ranar Talata ta makon jiya, da safe, na ɗauko mutum talatin da huɗu. A mahaɗar da ke kusa da gidan mai na tsaya, na duba, na ga hanya fayau, na taka. Sai matar da ke kula da sito, wadda kullum take zama a kujerar gaba, ta ƙwalla ihu, "Dogo, keke!" Na take birki kafin in san abin da nake takewa. Mutane suka zubo kan juna. Wani dattijo ne a kan keke da kwandon ƙwai a baya, ya fito ta hagu. Hancin motar ya taɓa tayarsa ta baya, ya faɗi. Na sauko na nufe shi. Gwiwar hannunsa ce ta kuje, ƙwai kuwa ba wanda ya tsira. Bai zage ni ba. Ya dube ni yana karkaɗe riga ya ce, "Ɗana, tun daga can nake ɗaga maka hannu. Ina kallonka kana kallona."

Kawu, ban gan shi ba. Ba wai na gan shi a makare ba ne. Wurin da yake, a idona babu komai, hanya ce kawai.

Na kai shi kemis aka wanke masa, na sallame shi, na ƙarasa da mutane kamfani a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a faranti.

Da na koma gida da yamma na tarar da uwar 'yan biyu tana yanka albasa. Na zauna na gaya mata. Ta ajiye wuƙar ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta fito da takardarka. Ashe tun wata guda ta tsince ta a aljihuna za ta yi wanki.

Na ce, "Kika yi shiru?"

Ta ce, "Kullum in ka fita sai na tsaya a bakin ƙofa har ƙarar motar ta ɓace. Ina jira ka faɗa da bakinka. Da yau ba ka faɗa ba, gobe da ni za ka je wurin manaja."

Ta ce in kalli ƙusar da ke bango kada in motsa ido. Ta tsaya a bayana da cokali, ta kawo shi a hankali ta dama. Yana zuwa daidai kunnena na ce na gani. Ta koma hagu. Na yi ta jira. Na ce, "To kawo mana." Ta ce, "Ga shi nan kusa da kumatunka." Muryarta ce ta sa na juya.

Washegari muka je asibitin ido. Abin mamaki, Kawu, da kana nan da ka yi ta tambaya har su kore ka. Akwai wata na'ura kamar babban farin kwano, ka sa haɓa a bakinta, a ba ka maɓalli, duk lokacin da ɗan haske ya ƙyasta ka danna. Da idon dama na yi ta dannawa. Da na hagu na zauna ina tsammanin na'urar ta lalace. Daga baya ta fito da takarda mai zane, inda ka gani fari, inda ba ka gani ba baƙi. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce hawan jinin ido ne, irin na Inna, yayarka. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma na dama bai taɓu sosai ba, kuma da maganin ɗigawa safe da yamma ana iya tsare abin da ya rage. Ta tambaye ni yadda na gane, don yawanci ba sa zuwa sai ya ci ido biyu. Na kwance agogon na nuna mata gaɓoɓin, na ba ta labarinka. Ta juya shi a hannunta ta daɗe tana kallo, har ta kira wata abokiyar aikinta ta gani.

Na tambaye ta tuƙi. Ta ce, "Kai me ka gani?" Ban sake tambaya ba.

Ranar Alhamis na kai wa manaja makulli. Na ɗauka sallamata zai yi. Ya karanta takardar likita, ya cire tabarau ya ce shekara ashirin ba a zubar da ita a bakin ƙofa. Sun mayar da ni gareji, ni ke tsara fitar motoci da duba su kafin su tashi. Ba kamar da ba ne, za mu ɗan matse, amma za mu ci abinci. Kafin in bar wurin na shiga motar ni kaɗai na zauna a kujerata. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka.

Jiya na hau ta a matsayin fasinja. Sabon direban yana da hannu, sai dai yana son birki da yawa. Matar sito ta matsa ta ba ni kujerar gaba. Muna tafe ta ce, "Dogo, ka daina taka ƙasa, babu birki a nan."

Saƙon likita: duk wanda ya haɗa jini da Inna ya je a auna shi, ko yana gani kamar shaho. Kai da Auta da sauran. Wannan karon ni ke cewa kada a ja lokaci.

Ɗanka,
Dogo


Litinin, 24 ga Yuni

Dogo ɗan Yaya,

Alhamdu lillahi. Na karanta a zaune kamar yadda ka ce, duk da haka sai da na tashi na zagaya tsakar gida kafin in ƙarasa. Allah ya saka wa matar sito da alheri, ya ba mai keke lafiya. 'Yata uwar 'yan biyu kuwa, ka riƙe ta da kyau.

Babu abin yafewa. Ka miƙa makulli da hannunka, ba a ƙwace ba. Ni da na daina gyara sai da na ɓata agogon mutane uku kafin in yarda hannuna yana rawa.

Mun je ranar Alhamis, ni da Auta. Ta yi ta gunaguni a hanya, wai ita da ke tsince tsakuwa a shinkafa ba tabarau me za a duba mata. Na shiga farin kwanon nan naka, na kuma yi tambaya har ma'aikacin ya ce in bar wa na baya wuri. Nawa idon tsufa ne kawai. Na Auta ne suka tsaya a kai. Sun ce awon ya hau a duka biyun, amma takardarta fara ce tas, bai ci komai ba tukuna. Ta fara ɗiga magani. Shekararta talatin da ɗaya, Dogo, da goyo a bayanta. Tun da muka dawo take zama kusa da ni. Ta ce in gaya maka za ta rubuto da kanta in ta sami abin faɗa.

Na rubuta wa sauran 'yan'uwa, takarda biyar, a warware, ba dunƙule ko ɗaya.

Shekara tara rabona da doguwar tafiya, amma ranar Alhamis mai zuwa zan taso da motar safe, mu iso wajen la'asar in Allah ya so. Auta ta ce gwiwa ba za ta yarda ba, na ce ba shawararta na nema ba. Ka zo tasha ka tarye ni. Ka tsaya a bakin babbar ƙofa, kada ka yi ta waige-waige cikin mutane. Ni zan gan ka, zan kuma zagayo ta damanka.

Kawunka